Raguwar ciniki a ƙananan kantunan kudancin Jigawa

Raguwar ciniki a ƙananan kantuna yanayi ne da kantuna da tireda na ƙananan garuruwa ke rasa masu saye, saboda mutane suna samun kayan da suke buƙata da araha a wani wuri. Ana samun wannan yanayi a ƙasashe da dama, amma abokin hamayyar ƙaramin kanti ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A Amurka da Turai manyan kantunan kamfanoni ne suke janye masu saye. A kudancin jihar Jigawa kuwa, a garuruwa irin su Wurno da ke ƙaramar hukumar Birnin Kudu da ƙauyukan ƙaramar hukumar Gwaram, masu karya wa mai kanti farashi su ne kasuwar mako, da manyan shagunan hedikwatar ƙaramar hukuma, da 'yan sari na Kano.

Raguwar ba ta shafi kowane irin ciniki daidai ba. Abin da ya fi barin kantin unguwa shi ne babbar sayayya ta kuɗi hannu, irin ta buhu da katan da jarka. Abin da ya fi zama a hannunsa shi ne ƙaramar sayayya ta yau da kullum, da kuma bashi. Don haka kanti na iya kasancewa da mutane safe da yamma, alhali jarinsa yana zaizayewa.

## Yankin

Wurno gari ne kuma mazaɓa a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, cikin masarautar Dutse. Ba shi ne Wurno na jihar Sakkwato ba, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi. Ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram maƙwabtan juna ne, kuma dukansu suna da iyaka da jihar Bauchi. A ƙidayar shekarar 2006, Birnin Kudu na da mutum sama da 300,000, Gwaram kuma sama da 270,000.

Garin Birnin Kudu yana kudu maso gabas da birnin Kano da tazarar sama da kilomita 120, a inda hanyoyin Kano da Gwaram da Ningi suka haɗu. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Kwalejin Gwamnati a garin, saboda haka ya fi garuruwan da ke kewaye da shi yawan masu albashi. Yawancin mutanen yankin manoma ne da masu kiwo. Suna noma dawa, gero, masara, shinkafa, wake, gyaɗa da riɗi. Kuɗi na shigowa ne da kaka, sannan ya yi ƙaranci daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ake neman kuɗin taki.

Binciken talauci na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, wanda aka fitar a shekarar 2020, ya nuna kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa suna ƙasa da ma'aunin talauci, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 40 ne. Sakkwato da Taraba ne kaɗai suka fi ta. A irin wannan wuri, bambancin naira 100 ko 200 a kan kwanon shinkafa dalili ne da ya isa ya sa mutum ya canza inda yake awo.

## Kalmomin sana'ar

*Kanti* ko *shago* ɗaki ne na dindindin da ake sayar da kaya. *Tireda* ƙaramin wurin sayar da kayan masarufi ne, sau da yawa na katako ko kwano, a ƙofar gida ko bakin hanya. *Mai tebur* ya fi shi ƙanƙanta. *Sari* shi ne sayen kaya da yawa don a sayar, *kiri* kuma sayarwa ɗaya-ɗaya. *Awo* sayen hatsi ne da mudu ko kwano ko tiya, *gyara* kuwa ɗan ƙarin da mai sayarwa ke yi bayan an gama awo.

Asalin kalmomin yana nuna wanda ya riga wani. Masana harshe suna danganta *kasuwa* da kalmar Barebari *kasugu*, wadda ita ma ta samo asali daga Larabci. *Dillali*, *mudu* da *riba* duk daga Larabci suke, kuma sun daɗe a Hausa. Kalmomin da suka shafi kanti kuwa yawancinsu aro ne daga Ingilishi: *kanti* daga *canteen*, *tireda* daga *trader*, haka nan *tebur*, *katan*, *dila* da *kwastoma*. Wato a ƙasar Hausa kasuwa ce tsohuwa, kanti ne baƙo. Wannan ya saɓa da labarin da aka saba ji daga Turai, inda tsohon shagon unguwa ne sabon babban kanti ya zo ya ture.

## Tarihi

An kafa kasuwar Kurmi ta Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A karkara, kasuwannin mako da fatake da 'yan koli ne suka riƙa kai gishiri, kanwa, goro da tufafi ga mutane tsawon ƙarnuka.

Kanti ya shigo ne da mulkin mallaka. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya bunƙasa daga 1912. Kamfanonin Turawa irin su John Holt, G.B. Ollivant, CFAO, da UAC da aka kafa a 1929, sun buɗe kantuna inda suke sayen gyaɗa da fata, su kuma sayar da atamfa, sabulu, kananzir da kwanuka. 'Yan kasuwar Lebanon da attajiran Kano irin su Alhassan Ɗantata sun shiga tsakanin kamfanonin da manoma. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa, wadda ta keɓe yawancin cinikin kiri ga 'yan Najeriya.

Abubuwa biyu sun yawaita tireda a ƙananan garuruwa daga baya. Na farko albashi ne: gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da ƙirƙiro jihar Jigawa daga tsohuwar jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, sun kawo ma'aikata da malamai masu karɓar kuɗi duk wata. Na biyu ƙananan leda ne. A 1993 aka fara sayar da madarar Cowbell a ƙaramar leda a Najeriya, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu da omo, man shafawa, tumatir da shayi. Wannan ya sa mutum zai iya buɗe tireda da ɗan jari kaɗan. Ya kuma sa tireda ta yi yawa, har a samu uku ko huɗu a layi guda suna sayar da kaya iri ɗaya ga gidaje iri ɗaya.

## Yadda kaya ke isa kanti

Yawancin kayan kamfani da ake sayarwa a kudancin Jigawa ta Kano suke biyowa. Kasuwar Singa ce cibiyar sarin kayan masarufi kamar sukari, fulawa, taliya, madara da man girki. Kantin Kwari na tufafi ne, Dawanau ta hatsi, kasuwar Sabon Gari kuma ta kaya iri-iri. Kamfani yana ba babban dila, shi kuma ya ba ƙananan diloli, su sayar wa 'yan sari da ke zuwa daga garuruwa. Mai tireda a Wurno ko a wani ƙauyen Gwaram sau da yawa ba ya ma zuwa Kano. A Birnin Kudu ko a kasuwar mako yake sari, wajen wanda shi ya je Kanon. Kowane hannu da kaya ya bi yana ɗora ribarsa, kuma mai tireda ne hannu na ƙarshe.

Ban da yawan hannaye, akwai batun yawan kaya. Farashin mai sayen mota guda daban yake da na mai sayen katan goma, domin diloli suna rage wa wanda ya saya da yawa. Kuɗin sufuri ma haka yake. Ga misali na lissafi: a ce mai kanti ya kashe naira 15,000 a kuɗin mota da dako a tafiya ɗaya. Idan katan 15 ya saro, kowane katan ya ɗauki naira 1,000 tun kafin a sa riba. Wanda ya yi lodin katan 300, ko da ya biya naira 90,000, naira 300 ce kawai ta hau kan kowane katan. Na biyun zai iya sayarwa ƙasa da kuɗin da na farkon ya kashe, kuma ya ci riba.

Sai kuma saurin juyawar jari. Babban ɗan sari yana iya ƙarar da kayansa cikin 'yan kwanaki, saboda haka ƙaramar riba ta ishe shi, tun da za ta maimaitu sau da yawa a wata. A ƙaramin gari katan ɗaya na iya yin makonni a kan kanta. Kafin ya ƙare akwai zafi, da ɓera, da ƙura, da ƙarewar wa'adin kaya. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, mai son sayar da lemo ko fiya wata mai sanyi sai ya sayi ƙanƙara, ko man janareto, ko ya haɗa sola. Duk wannan yana komawa kan farashi.

Masu saye kan fassara bambancin farashin a matsayin son riba ko rashin tausayi. Akwai masu kanti da ke ƙara kuɗi fiye da ƙima, musamman inda babu wani kanti kusa, ko idan kaya ya yi ƙaranci. Amma babban ɓangaren tsadar ya riga ya hau kan kaya tun kafin su shiga shagon.

## Kasuwar mako

Jihar Jigawa na da manyan kasuwannin mako, kamar Maigatari da ke ci ranar Alhamis a kan iyakar Nijar, da Gujungu, da Shuwarin kusa da Dutse. A kudancin jihar kasuwar Sara da ke ƙaramar hukumar Gwaram ce ta fi suna, musamman a cinikin hatsi da dabbobi. A hanyar Kano kuma akwai kasuwar Wudil da ke ci ranar Juma'a.

Ɗan kasuwar da ke bin waɗannan kasuwanni yana da galaba a kan mai kanti ta fuskoki da dama. Yau yana nan, gobe yana wata kasuwar, don haka kullum yana gaban taron masu saye. Rumfa ko fili yake kamawa, ba hayar shago ta shekara ba. Kuɗi hannu yake sayarwa, domin bai san yawancin masu sayensa ba, su ma ba sa tsammanin bashi a wurinsa. Ga kuma abokan sana'arsa jere kusa da shi, mai saye yana iya tayawa a nan ya wuce gaba. A kantin unguwa tayi ba shi da ƙarfi haka. Farashi kusan a yanke yake, kuma akwai kunyar ja-in-ja da maƙwabci a kan naira 50.

Masanin labarin ƙasa Bajamushe Walter Christaller ya bayyana a 1933 cewa kowane kaya yana da iyakar nisan da mai saye zai yarda ya yi don ya same shi. Ba wanda zai hau mota don ashana ko magi, amma don buhun shinkafa ko kayan ɗakin amarya ana zuwa har Kano. Kwalta, da acaɓa, da adaidaita sahu, da a-kori-kura sun faɗaɗa wannan iyaka, wayar salula kuma ta sa mutum yana iya jin farashin Singa yana zaune a ƙofar gidansa.

Akwai wani abu da lissafin nisa kaɗai ba ya nunawa. Manomin yankin ba don saye kawai yake zuwa kasuwa ba. Yana zuwa ne ya sayar da akuya, ko riɗi, ko buhun wake. Kuɗin motar ya riga ya zama dole a kansa. A kasuwar yake karɓar kuɗinsa, a nan kuma yake kashe su, ya sayi man girki, sabulu, takalman yara da taki kafin ya hau mota. Abin da ke isowa gida, inda kantin unguwa yake, ragowa ce.

## Bashi

Kantin ƙaramin gari yana yin wani aiki da kasuwa ba ta yi: yana ba da kaya a biya daga baya. Malamin makaranta yana karɓa zuwa ƙarshen wata, manomi zuwa kaka, matar da mijinta ya tafi cin rani zuwa ranar da zai aiko. Ana rubutawa a littafi, wani lokaci ma a ka ake riƙewa. Galibi ba a ɗora kuɗin ruwa, saboda haramcinsa a Musulunci, kuma ba jingina. Dangantaka ce kawai ke tsaron bashin. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mai kanti a garin da kowa ya san kowa ba ya iya hana surukinsa ko limamin unguwa.

A nan ne raguwar ciniki ta fi yin illa. Mutum ɗaya yana iya zama kwastoman wurare biyu: ranar da yake da kuɗi ya tafi inda ya fi araha, ranar da babu ya zo kantin unguwa. Ta fuskar mai saye wannan dabara ce ta tafiyar da gida da ɗan abin da ake da shi. Ta fuskar mai kanti kuwa, an raba masa ciniki gida biyu, an kai mai sauƙin wani wuri, an bar masa mai nauyin. Wani lokaci wanda ake bi bashi ma yana ƙaurace wa kantin don kunya, ya koma wata tireda da kuɗinsa, sai mai kanti ya rasa kuɗin ya kuma rasa mutumin.

Bashi marar kuɗin ruwa yana zama asara idan farashi na tashi. Idan aka karɓi kwanon sukari a watan Yuni aka biya a Nuwamba da farashin Yuni, kuɗin ba za su sayi kwano guda ba. Bambancin daga jarin mai kanti yake fita.

## Shekarun 2023 da 2024

Matsalolin da aka ambata sun daɗe, amma abubuwa uku da suka zo a jere sun tsananta su.

A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. A watannin Fabrairu da Maris na 2023 tsabar kuɗi ta yi matuƙar ƙaranci, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. A wancan lokaci mai shagon da ke da asusun banki da na'urar POS ya ci gaba da ciniki ta tiransifa, wanda ba shi da su kuma ya ga kwastomominsa suna wucewa, ko ya ƙara yawan bashin da yake bayarwa. Bayan kuɗi sun dawo, da yawa daga masu saye sun riga sun saba da biya ta waya, ta kamfanoni irin su Moniepoint, OPay da PalmPay.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, kuma ta haura naira 1,000 a watan Oktoban 2024. A bisa ƙa'ida tsadar sufuri ya kamata ta kare kantin unguwa, tun da tafiya kasuwa ta ƙara kuɗi. Ta yi hakan a ƙananan kaya. Amma mai kanti ma mota yake hawa, kuma kamar yadda lissafin baya ya nuna, kuɗin mota ya fi nauyi a kan mai ɗan kaya.

A watan Yunin 2023 kuma aka saki darajar naira. Dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a Fabrairun 2024. Hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100 a Yunin 2024, ta kaya gaba ɗaya kuma ta kai kashi 34.80 a Disamba, bisa alƙaluman NBS. A irin wannan yanayi mai ƙaramin jari yana iya cin riba a lissafi ya faɗi a zahiri: ya sari katan a naira 10,000, ya sayar a 11,000, ya koma ya tarar ya zama 11,500. Kowace tafiya sai ya dawo da kaya ƙasa da na baya. Kanta ta fara nuna gurbi, mai saye ya zo sau biyu bai samu abin da yake nema ba, ya daina zuwa. Mai babban jari da rumbun ajiya kuwa tashin farashi riba ce gare shi. Zargin ɓoye kaya ya yi ƙarfi a lokacin, har hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau a Fabrairun 2024.

A shekarar 2024 gwamnatin Jigawa ta Gwamna Umar Namadi ta ɓullo da shirin Kantin Sauƙi, don sayar da kayan abinci ƙasa da farashin kasuwa. Irin wannan shiri yana rage wa mai saye nauyi, amma ga mai kanti ƙarin abokin hamayya ne wanda ba zai iya bin farashinsa ba.

## Hamayya daga cikin gari

Ba duk masu karya farashi ne daga waje suke ba. Masaniyar tattalin arziki 'yar Ingila Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta yi bayanin cinikin da matan aure ke yi daga cikin gida ta hannun yara masu talla da aike, har ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Wannan ciniki yana nan: ƙullin man gyaɗa, daddawa, gishiri, kuka, omo da sukari. Mai sayarwa daga ɗaka ba ta biyan haya, kuma ribar da ba za ta riƙe shago ba ta ishe ta zubin adashi. Mata suna sayen atamfa da kayan kicin ma a hannun juna, a biya kaɗan-kaɗan, yanzu har da tallar hotuna ta WhatsApp.

## Kwatanci da wasu wurare

Sanannen misali a duniya shi ne na Walmart, wanda Sam Walton ya kafa a 1962 a garin Rogers na jihar Arkansas a Amurka, ya kuma fara bunƙasa a ƙananan garuruwa. Masanin tattalin arziki Kenneth Stone na Jami'ar Jihar Iowa ya yi nazarin tasirinsa, inda ya ruwaito a 1997 cewa wasu ƙananan garuruwa sun rasa har kashi 47 cikin 100 na cinikin kirinsu bayan shekara goma da buɗe Walmart kusa da su. Ya gano cewa garuruwan da ke kewaye sun fi garin da kantin yake shan wahala, domin masu sayensu can suke tafiya. Wannan ɓangaren ya yi kama da dangantakar ƙauyukan kudancin Jigawa da hedikwatarsu.

Amma a Arewacin Najeriya babban kanti na zamani bai zama mai arahar ba. Shoprite ya buɗe reshe a Ado Bayero Mall da ke Kano a 2014, ya rufe shi a Janairun 2024, alhali Singa da Sabon Gari suna nan cike. Rikicin farashi da ya fi yin amo a Kano tsakanin 'yan kasuwa ne: a watan Mayun 2012 hukumar shige da fice ta kama 'yan China 45 a Kantin Kwari bisa zargin shiga cinikin tufafi, bayan ƙorafin cewa suna sayarwa kai tsaye da farashin da 'yan gida ba za su iya ba. Kukan da ɗan Kwari ya yi da wanda ya fi shi kusa da masana'anta shi ne kukan da mai tireda ke yi da wanda ya fi shi kusa da Kano.

A Afirka ta Kudu, bincike a unguwar Delft ta birnin Cape Town ya nuna 'yan kasuwa baƙi, musamman 'yan Somaliya, sun karɓe yawancin ƙananan shagunan unguwa, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne haɗa kuɗi da suke yi su sari kaya tare.

## Martanin masu kanti

Masu kanti da yawa sun karkata ga abin da ba a iya sayowa ranar kasuwa a ajiye: ruwan sanyi, burodi, cajin waya, katin waya da data, da cire kuɗi ta POS. Wasu sun ƙara ƙanƙanta awo, suna farke babbar leda su ƙulla na naira 50 da na 100. A kan kowane kwano wannan ya fi tsada, amma shi ne abin da mai kuɗin yini ɗaya zai iya saya, kuma shi ne cinikin da babban ɗan sari ba ya damuwa da shi. Wasu sun taƙaita bashi ga masu albashi, ko sun manna takarda a bango cewa babu bashi, abin da ke da wuyar tabbata a garin dangi. Akwai kuma masu rufe shago ranar kasuwa su kai kayansu can su kasa.

Ta ɓangaren sari, wayar salula ta rage wa wasu kuɗin tafiya. Mai kanti yana kiran dilansa a Singa, ya tura kuɗi, a ɗora kayan a tasha, direban da aka sani ya sauke masa, ya biya kuɗin kaya kawai ban da na kujera. Wasu kuma mutum uku ko huɗu suke haɗuwa su ɗauki a-kori-kura ɗaya. Hanyoyin biyu duk a kan amana suke tafiya, ta dila da ta direba, kuma suna rage kuɗin sufuri ne kawai. Farashin da dila ke ba mai sayen mota guda sai an haɗa jarin kansa, an saya da suna ɗaya, sannan ake samunsa.